Gawo, Hatsi da Akuya

Kowa ya san gawo. In ka fito daga Magarya za ka Matamai, ko daga Maraɗi za ka Tasawa, ba abin da za ka riƙa gani cikin gonaki kamar shi. Amma ɗan uwa, ka taɓa tsayawa ka dubi halin iccen nan da kyau? Sauran itatuwa suna yin ganye da damana, su kaɗe da rani. Shi kuwa gawo ya saɓa masu. Ruwa na sauka sai ya zubar da ganyensa, ya tsaya tsirara kamar busasshe. In kaka ta yi, an yanke hatsi, ciyawa ta soma bushewa, lokacin ne shi ke tofo, ya yi kore shar.

Tun kaka da kakanni manoma sun lura hatsin gindin gawo ya fi na fili. Karansa ya fi kauri, zangarniyarsa ta fi cika. A Damagaram har yau ana ba da labarin Sarki Tanimun, wai a zamaninsa wanda ya sare gawo ba izini, kansa ne a bakinsa. To, mi ya sa hatsi ke son gindin gawo? Akwai masana da aikinsu ke nan: binciken yadda tsiro da dabba da ƙasa ke zama tare, wane ke cin moriyar wane. Sun daɗe suna bin wannan tambaya.

A shekarar 1965 wasu masana biyu, Charreau da Vidal, sun auna hatsi a Bambey, cikin ƙasar Senegal. Suka iske abin da aka samu kusa da gindin gawo ya ninka na fili fiye da sau biyu. Ashe abin da tsofaffi ke faɗi, ma'auni ma ya yarda da shi. Saura a gane dalili.

Dalili na farko shi ne ganyen. Yana zuba daidai lokacin shibka, ruwa ya jiƙa shi, ya ruɓe, ya zama taki a inda hatsi ke bukata. Kuma tun da iccen ba ya da ganye da damana, ba ya tare ma shibka rana. Ka gwada shibka hatsi gindin bedi ko mangwaro ka ga bambanci.

Sai maganar ruwa. Wani zai ce babban icce kamar wannan ai shanye ruwan gona zai yi. A'a. Saiwar gawo ƙasa take nutsawa, tana neman ruwan da ke can zurfi, irin wanda muke tararwa in mun gina rijiya. A Burkina Faso an bi saiwar, an auna ruwan da iccen ke sha, aka ga da rani mafi yawansa daga can ƙasa yake jawo shi. Shi ya sa yake iya zama kore cikin zafin rani. Da damana kuwa, lokacin da hatsi ke shan ruwan sama-sama, shi gawo hutawa yake yi. Ba su haɗuwa a bakin randa ɗaya.

Akwai kuma wani abu da ido ba ya gani. In ka tuge wake ko gujiya, ka dubi saiwar, za ka ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle kamar ƙuraje. Wannan ba cuta ba ce. Cikinsu akwai ƙananan halittu masu rai, waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Suna ɗauko wani sinadari daga iska, wanda masana ke kira azot, su ba tsiron. Shi kuma tsiron ya ba su abinci da wurin zama. Azot ɗin nan shi ne ƙarfin farin takin zamani, mai kama da sukari, da muke saye da tsada. Gawo dangin wake ne, shi ma yana da irin waɗannan baƙi a saiwarsa, musamman tun yana ƙarami. A Senegal an same su a ƙarƙashin gawo har zurfin da ya wuce mita 30.

Yanzu bari mu zo ga bisashe, don a ganina nan ne labarin ya fi daɗi.

Da rani, in rana ta take, ina shanu da awaki da tumaki ke zuwa? Gindin gawo, don shi ke da inuwa. Nan suke kwantawa, nan suke tuƙa, nan suke kashi da fitsari. Wata da watanni suna zuba taki a wuri guda, ba wanda ya ɗauko masu da amalanke. Tsuntsaye ma suna sauka bisa rassan, su ƙara nasu. A lokacin ne kuma ƴaƴan gawo ke nuna, su yi ja-ja, su murɗe, su faɗo. Abinci ne mai ƙarfi, ga shi ya zo sa'ad da daji ya ƙare. Mai kiwon rago ya san darajarsu. Ai har kasuwa mata da yara ke kai su.

To shi gawo mi ya samu? Ƙwayar da ke cikin ɗansa tana da ɓawo mai tauri ƙwarai. In ta faɗi ƙasa haka nan, ruwa ba ya shigarta da sauri, kuma ƙwari kan huda ta su cinye cikin. Amma in akuya ko saniya ta haɗiye ta, wasu ƙwayoyin suna narkewa, wasu kuwa suna fitowa lafiya lau, ɓawon ya yi taushi. Dabbar ta tafi da su nesa da uwar, ta aje su tare da takinsu. Damana na zuwa sai su tsiro. Ka ga akuya ta ci, ta kuma biya da shibka. Sai dai akuyar nan dai ita ce ke cinye ɗan gawon in ya tsiro ba mai tsaron shi. Ƙudan zuma ma suna da nasu rabo, don gawo yana fure da kaka zuwa ɗari, lokacin da furanni suka yi ƙaranci. Suna kwasar zaƙi, suna kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, har iccen ya yi ƴaƴa.

Masu bincike ba su saurin yarda da magana, ko da tasu ce. A Sadore, kudu da Yamai, akwai tashar binciken noma ta ICRISAT. An dasa gawo da yawa a can, aka ga wasu sun yi saurin girma, wasu sun tsugune, alhali rana ɗaya aka dasa su. Da aka haƙa, aka auna ƙasar, sai aka iske waɗanda suka yi kyau sun faɗa inda ƙasa take da ƙarfi tun dā, sau da yawa kusa da tsohon surin gara. Sai tambaya ta juye: gawo ne ke gyara ƙasa, ko kuwa shi ma ƙasa mai kyau yake samu ya rayu? Abin da ya bayyana shi ne duka biyun gaskiya ne. Gara ta fara, gawo ya ɗora, bisashe suka ƙara. A Sadore ɗin kuma an nuna ƴar inuwar rassan tana rage zafin rairayi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don a fili rairayi kan yi zafin da zai ƙone hatsi tun yana ɗan tsiro.

Duk wannan zaman tare ya kusa lalacewa. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da bisashe. Mutane suka yi yawa, gonaki suka ci daji. Ga kuma al'adar sassabe, a sare duk abin da ya tofo a ƙone, wai gona mai tsabta ita ce ta manomin kirki. Doka ma ba ta taimaka ba a lokacin, don ana ganin icce na gwamnati ne. Wa zai yi wahalar renon abin da in ya taɓa reshensa za a ci shi tara?

A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aikin dashen itatuwa a jahar Maraɗi, ya lura kututturan da ake sassabewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Daga nan aka soma koyar da sassaben zamani: ka zaɓi tofo biyu ko ukku masu ƙarfi a kan kututture, ka bar su, ka sare sauran. Wajen Magarya, Matamai da Mirya kuwa, manoma da kansu suka riƙa kewaye ƴan gawon da suka tsiro daga kashin bisashe, suna kauce masu da hauya. Da masana irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka zagaya yankin, aka kuma gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, an ƙiyasta gonaki wajen hekta miliyan 5 a Nijar sun sake samun itatuwa, kimanin miliyan 200. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Dokar gandun daji ta 2004 da wani ƙuduri na 2020 sun ƙara ma manomi iko a kan iccen da ya rena cikin gonarsa.

Ba a ce babu matsala ba. Wasu manoma na kukan itatuwa suna tara tsuntsaye masu cin hatsi. Akwai masu zuwa da dare su sare na wani. Akwai kuma rigimar sassake rassa don bisashe. In an rage kaɗan, gawo ba ya damuwa. In aka aske shi ƙwal kowace shekara, sai ya daina yin ƴaƴa sosai, kuma ba ƴaƴa ba sabon gawo. Wannan magana ce da ya kamata manomi da makiyayi su zauna gaban maigari su daidaita tun rani bai yi nisa ba.

Aikin gida: bana in hatsi ya nuna, ka auna taki goma a tsaye, goma a kwance a gindin gawo, ka auna irinsa a fili cikin gona guda. Ka yanke kowane daban, a sussuke, a auna da tiya. Rubuta lambobin biyu cikin littafinka, ka kawo aji mu gwada da na sauran.