AIKIN ƊAN MAJALISA: YADDA YAKE JEFA ƘURI'A DA YADDA YAKE TITSIYE MA'AIKATUN GWAMNATI

 

Ya ku 'yan'uwa samari, darasinmu na yau a kan wani mutum ne wanda kowa ya san hotonsa, amma kaɗan ne suka san aikinsa, watau ɗan majalisa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka aikinsa shi ne rabon shinkafa da babura da biyan kuɗin suna. To, wanda bai san aikin da ya ɗauki mutum dominsa ba, yaya zai gane ranar da aka cuce shi? Saboda haka sai mu natsu mu koya.

MENE NE MAJALISA?

Bisa Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, Majalisar Tarayya zaure biyu ce. Akwai Majalisar Dattawa mai kujera 109, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Akwai Majalisar Wakilai mai kujera 360. Wajibi ne kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma ba a yanke hukunci sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan zauren suna nan. Wanda ya yi fashi fiye da sulusin kwanakin zama na shekara, ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, doka ta ce ya rasa kujerarsa. Ka ga ke nan haƙƙinka na farko a kansa shi ne ya halarta.

YADDA AKE JEFA ƘURI'A

Ƙudurin doka sai an karanta shi sau uku. Karatu na farko gabatarwa ce kawai. A na biyu ake muhawara a kan manufarsa. Daga nan sai a miƙa shi ga kwamiti, kwamiti ya bi shi sashe-sashe, wani lokaci ya kira jama'a ya ji ta bakinsu. Sa'an nan a yi karatu na uku. In zaurukan biyu sun amince da magana iri ɗaya, sai a kai wa Shugaban Ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisa tana iya tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku a kowane zaure. An taɓa yi: a shekarar 2000 haka aka kafa dokar hukumar raya yankin Neja Delta ba da sa hannun Shugaba Obasanjo ba.

Ita kuma ƙuri'ar kanta iri biyu ce. Ta farko ta murya: shugaban zaure ya ce masu so su amsa, masu ƙi su amsa, sa'an nan ya faɗi ɓangaren da ya ji ya fi ƙarfi, ya buga guduma. Wannan tana da sauri, amma tana da illa, domin ba a rubuta sunan kowa. Mutum yana iya yin shiru a zaure, ya dawo gida ya ce shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Wa zai ƙaryata shi?

Ta biyu ita ce ta ƙidaya, inda kowa zai bayyana matsayinsa da sunansa, ko da baki ko da na'ura. A watan Yuli na 2021, da dattawa suka yi saɓani a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, sai aka kira su ɗaya-ɗaya: 52 suka tsaya gefe guda, 28 suka tsaya ɗaya gefen, 28 kuwa ba su nan. Jaridu suka buga sunaye, kowace mazaɓa ta ga inda nata ya tsaya, ta kuma ga wanda ya sulale.

Kada ka raina wannan ƙuri'a, ɗan'uwa. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Ken Nnamani, ta yi watsi da gyaran Tsarin Mulki wanda zai buɗe ƙofar tazarce karo na uku. An nuna muhawarar a talabijin kai tsaye, kowane sanata ya san mutanen garinsu suna kallonsa.

YADDA AKE TITSIYE MA'AIKATU

Doka ta ba ɗan majalisa makami huɗu.

Na farko, jakar kuɗi. Sashe na 80 ya hana a fitar da ko kwabo daga baitulmalin tarayya sai da izinin majalisa. Shi ya sa kowace shekara ministoci suke zuwa gaban kwamitoci su kare kasafin kuɗinsu. Nan ne wakilin kirki zai ce: bara mun ba ku kuɗin asibiti kaza, ina asibitin?

Na biyu, kira. Sashe na 67 ya wajabta wa minista ya zo in zaure ya gayyace shi, ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Tun farko ma ba ya zama minista sai Majalisar Dattawa ta tantance shi.

Na uku, bincike. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincikar duk wanda ke zartar da dokokinta ko kashe kuɗin da ta ware, domin a tona cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Tana iya aika sammaci, ta rantsar da shaida, ta nemi takardu, wanda ya ƙi zuwa ta sa a kamo shi.

Na huɗu, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Shi yake duba littattafan ma'aikatu, ya miƙa wa majalisa abin da ya gano, kwamitin kula da asusun gwamnati ya kira waɗanda aka ambata su zo su yi bayani.

Amma a lura, majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure kowa. Iyakarta ta tona, ta gyara doka, ta riƙe kuɗi, ta miƙa sauran ga masu gurfanarwa.

DARASI DAGA 2012

A Janairun 2012, bayan zanga-zangar janye tallafin man fetur, Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Faruk Lawan. Kwamitin ya gano cewa an ware naira biliyan 245 domin tallafi a kasafin 2011, alhali abin da aka kashe ya haura naira tiriliyan 2. Wannan aiki ne babba, kuma da makaman nan da muka lissafa aka yi shi. Sai dai kash! A 2021 kotu ta sami shi shugaban kwamitin da laifin karɓar dala dubu 500 daga wani ɗan kasuwa domin a cire sunan kamfaninsa daga rahoton, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin shekara biyar a 2024. Abin lura biyu ne: makamin yana da kaifi, amma mai riƙe da shi ma sai an sa masa ido. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

TO, KAI MENE NE NAKA?

1. Ka san sunan sanatanka da wakilinka, da kwamitocin da suke ciki.

2. In ya zo gari, kada tambayarka ta zama "me ka kawo mana?" Ka ce: ranka ya daɗe, a ƙuduri kaza ina ka tsaya? Wace ma'aikata ka titsiye bana? Ka yi da ladabi, ba zagi, ba jifa.

3. Ku haɗu ku rubuta koke, ku sa hannu, ku ba shi ya gabatar a zaure. Akwai kwamitin sauraron koke-koken jama'a musamman domin haka.

4. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka dama ka rubuta wa ma'aikata ka nemi takardun kwangila, kuma kwana bakwai aka ba ta ta amsa.

5. Akwai kiranye a sashe na 69, amma yana da wuya: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, bai yi nasara ba. Saboda haka gyaran da ya fi sauƙi shi ne na ranar zaɓe.

Ɗan'uwa, wanda ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu, ya sayar da bakin da zai yi tambaya da shi har shekara huɗu. Kujerar nan amana ce a wuyan wanda ya hau, zaɓen kuma amana ce a wuyan wanda ya ɗora shi. Kowa za a tambaye shi nasa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, Ya ba mu ikon faɗa musu gaskiya.