Garken Shanu: Wane Iri Za Mu Bar Wa Na Baya?

'Yan'uwa ɗalibai, a shafin noma na wannan mako za mu leƙa cikin garke. Yawancin shanun da muke gani a rugagen Rano da Kibiya farare ne masu tozo da dogayen ƙaho. Su ne Bunaji. Jefi-jefi a ga Bokoloji mai gajeren ƙaho, wato Gudalin Sakkwato, ko jar Rahaji.

Makiyayi ba yawan kawuna kaɗai yake dubawa ba. A garken haihuwa mata ne suka fi yawa: shanun tatsa, karsanu da maruƙa. Bijimi ɗaya ko biyu sun wadatar, sauran mazan a sayar, ko a sa su turke, ko su ja garma. Dalili kuwa shi ne saniya takan yi kusan wata 9 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, kuma a kiwon gargajiya karsana kan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari. Duk wanda ya sayar da karsana don biyan wata buƙata, 'ya'yan da za ta haifa ya haɗa ya sayar.

Zancen bijimi ya fi wannan nauyi, domin rabin jinin kowane maraƙi daga gare shi yake. Cibiyar NAPRI da ke Shika, Zariya, ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firiziyan, shanun Turai masu yawan nono, kuma 'ya'yan sun fi iyayensu mata nono. Wannan abu ne mai kyau. Amma mu yi lissafi. A haɗin farko jinin Bunaji kashi 50 ne cikin 100. In aka sake haɗa 'yar da Firiziyan ya koma 25, a na uku 12.5. To, wa zai jure zafin Afrilu?

Bunaji tana da farin gashi a kan baƙar fata. Tana jure rana da doguwar tafiya, ta ci kara da harawa ta kai damina. Saniya mai yawan jinin Turai kuwa sai da inuwa, ruwa a kusa, dusa da maganin kaska a kai a kai. Mai gona da ke da rumfa da rijiya zai iya. Makiyayin da ke bin sawun ciyawa fa? A ganinmu, ko mai son haɗin dole ya ware wasu shanu da bijimin Bunaji tsantsa, domin in sun ƙare babu abin da za a haɗa. Shanun Kuri na Tafkin Chadi sun ragu, kuma cuɗanya da wasu irin tana cikin dalilai.

Aikin wannan mako: mai garke a gida ko a maƙwabta ya rubuto mana yawan mata, maza da maruƙa, da irin bijimin. A fara neman izini, don ba kowane makiyayi ke son a ƙirga masa shanu ba. A kawo wa ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis.