DARASI DOMIN IDIN YUSUFU MA'AIKACI: SHIRYA 'YA'YANMU DOMIN AIKIN GOBE

Karatu: Farawa 41, Markus 6:3, Ayyukan Manzanni 18:1-3

'Yan'uwana cikin Kristi, a ranar 1 ga Mayu Ikklisiya takan yi idin Yusufu Ma'aikaci, wanda Paparoma Pius na 12 ya kafa a 1955. Ubangijinmu Yesu ya girma a gidan masassaƙi, har mutanen garinsu suka san shi da wannan sana'a. Saboda haka ya dace mu tambayi kanmu: wane aiki ne muke shirya 'ya'yanmu su ci abinci da shi?

1. Abin da Riruwai ta koya mana

Dattawan ƙasar Doguwa sun san labarin Riruwai. Tun kafin zuwan Turawa mutanenta suke haƙar kuza suna narkar da ita. Daga baya kamfani ya haƙa rami mai zurfi, mutane suka zo daga nesa neman aiki. Amma a shekarun 1980 aikin kamfanin ya tsaya, a watan Oktoba na 1985 kuma farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya. Wanda yake da gona ko wata sana'ar hannu ya sami abin komawa. Wanda bai san kome ba sai diga da shebur ya shiga wahala tare da iyalinsa. Ba ragwanci ne ya jawo masa ba. Zamani ne ya juya, bai kuwa shirya ba.

2. Abin da Tiga take koya mana

A ƙasar Bebeji kuwa, an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ya rayar da noman rani a Kadawa, Kura da Bunkure. Manoman da suka yarda suka koyi sabon aiki, wato renon iri, jan ruwa da lissafin taki, su ne suka ci moriyar shinkafa, alkama da tumatir.

Yau ma abin yana sāke juyawa. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin man injin ban-ruwa ya yi wa manoma nauyi, da yawa suka koma ga injin da yake aiki da hasken rana. To, wa zai kafa shi? In ya lalace, wa zai gyara? In babu ɗanmu da ya iya, sai a kira wani daga birni, kuɗin kuma ya bi shi. Haka nan tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta. Yaron Kiru ko Tudun Wada da bai taɓa sa hannu a kan kwamfuta ba, yakan shiga ɗakin jarrabawa da tsoro, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa.

3. Abin da Ikklisiya take koyarwa

Yusufu ɗan Yakubu bai jira yunwa ta shigo Masar ba; cikin shekaru bakwai na ƙoshi ya tara hatsi. Manzo Bulus, da dukan iliminsa na Attaura, ya iya ɗinkin tanti, da shi ya riƙe kansa a Koranti. A wasiƙarsa ta 1991, Centesimus Annus, Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya nuna cewa a zamaninmu mallakar ilimi da gwaninta ba ta gaza mallakar ƙasa muhimmanci ba. Gona gādo ce mai albarka, amma kullum ana raba ta tsakanin 'ya'ya tana ƙara ƙanƙancewa. Sana'a kuwa, ko ka koya wa mutum goma, taka ba ta raguwa.

4. Abin da ya wajaba a kanmu

Iyaye, kada ku cire yaro daga makaranta domin ci-rani, kada kuma ku yarda takardar shaida ta sa ya rena aikin hannu. Ku ba shi duka biyun. 'Ya mace ma haka. Aurar da ita hannu wofi zalunci ne. Masu sana'a a cikinmu, makanikai, teloli, magina, masu walda da masu gyaran waya, kowa ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa da gaskiya, kada ya mai da shi ɗan aike kawai. Matasa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku jure shekarun koyo.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Waɗanne ayyuka ne a ƙauyenmu muke biyan baƙi su yi mana?
(b) Matasa nawa ne a majami'armu ba sa makaranta, ba sa koyon sana'a?
(c) Me majalisar Ikklisiya da Zumuntar Mata za su iya yi musu kafin kaka?

Katikis ya rubuta amsoshin, ya kawo wa Fada.

Addu'a

Ya Allah Uba, ka albarkaci aikin hannuwanmu, ka ba 'ya'yanmu haƙurin koyo, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin. Yusufu Mai Tsarki, ka yi addu'a dominmu.