Yadda Ake Tace Ruwan Laka a Wurin Fasa Dutse Kafin Ya Kai Gonaki

Ba a haƙar kwal a Jigawa. A arewa, wurin da aka sani da shi shi ne Maiganga da ke ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda ake haƙo wa kamfanin siminti na Ashaka. Amma ciwon kan masu haƙar kwal muna da irinsa a wuraren fasa dutse da ramukan burji na kewayen Dutse da Birnin Kudu. An kware ƙasa, ruwan Agusta ya zo ya kwashi garin dutse da laka, ya juye a gonar gero ko ya toshe kwalbati. Maganin shi ne tafkin tace laka, wato ramin da ruwa zai tsaya a ciki har lakar ta kwanta. Aikin rani ne, a gama shi kafin watan Yuni.

Fara da raba ruwa biyu. Wanda ke gangarowa daga kan dutse bai taɓa wurin aiki ba, tsabtatacce ne. Ja masa lambatu ta saman filin ya zagaya ya wuce. Idan ka bar shi ya haɗu da na wurin injin niƙa da hanyar tifofi, ka ninka wa tafkinka aiki a banza.

Na biyu, lissafi, kuma nan ne galibi ake yin kasala. Milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Ruwan milimita 50 a dare ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina, lita 500,000 ke nan. Ƙasar Jigawa mai rairayi tana shanye ruwa, amma falalen dutse da filin da tifofi suka daddaɓe ba sa sha, kusan duka zai gangaro. Ramin da ya kai mita 30 a tsawo, 12 a faɗi, zurfin mita ɗaya da rabi, da ƙyar zai ɗauki na hekta guda. Ƙara masa wurin zaman laka a ƙasa, ka bar kamar rabin mita tsakanin saman ruwa da bakin jinga.

Siffar ramin ta fi zurfinsa muhimmanci. Tsawo ya ninka faɗi aƙalla sau biyu, sau uku ya fi. Mashiga a wannan ƙarshe, mafita a wancan. In suka yi kusa da juna, ruwa zai shiga ya fita da lakarsa, sauran tafkin ya zama ado. Yashi yana kwanciya cikin daƙiƙu, garin dutse sai ya ɗauki sa'o'i, yumɓu kuwa yakan kwana biyu yana yawo a ruwa. Don haka a bakin mashiga tona ƙaramin rami na farko, ka jera masa manyan duwatsu su karya ƙarfin ruwa. Nan yashi zai zube, nan kuma ya fi sauƙin yashewa.

Mafita ta ɗebi ruwan sama-sama, domin shi ne ya fi tacewa. Bututu a tsaye mai ƙananan huji, an kewaye shi da tsakuwa, ya wadatar. Ban da shi, sai ka rage tsayin wani ɓangare na jingar ka shimfiɗa masa dutse, don ranar da ruwa ya fi ƙarfin bututu ya bi ta nan. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a jihar nan ya san irin wannan rana tana zuwa. Jingar a daɓe ta hawa-hawa, a dasa mata jema ko gamba. Inda ruwan ke sauka ma a zuba dutse, in ba haka ba ka haifi kwazazzabo da hannunka.

Kafin ka saki ruwa, cika kwalba mai haske ka ajiye awa guda. In laka ta taru a gindi, ruwan bai isa fita ba. Alif yana sa yumɓu ya dunƙule ya nutse, amma a gwada a bokiti tukuna, yawansa na sa ruwa tsami. A ma'adinar kwal akwai ƙarin damuwa: ruwa mai tsami, mai launin tsatsa, wanda sai an zuba masa farar ƙasa. Dutsenmu ba ya cika haifar da wannan. Namu shi ne gas da baƙin mai, don haka gareji ya zama nesa da lambatu.

Bayan kowane ruwa mai ƙarfi, zagaya ka duba jinga da bututu. Kafa sanda mai alama a tsakiya, laka na kai rabi a yashe, a jibge ta inda ba za ta komo ba. Kada ruwan ya wuce kwana uku a kwance, saboda sauro da tsargiya. A kuma killace wurin da waya, domin yara ba sa bambance shi da kududdufin wanka.

Dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojin 2013 na hukumar kula da muhalli ta ƙasa (NESREA) kan fasa dutse sun ɗora kula da muhalli a kan mai wurin. Kafin katafila ta fara tono, ka je ofishin hukumar kare muhalli ta jiha (JISEPA) a Dutse, sannan ka zauna da dagaci da masu gonakin da ke gangare, ka nuna musu inda ruwan zai bi.