Gini bisa tsohon rami

Idan mutum ya gaji kango ko ya sayi fili, yakan share shi, ya daidaita, ya fara gini. Daga sama fili yana da kyau. Amma wani lokaci akwai tsohon rami a ƙarƙashi wanda aka cike: kududdufi inda aka ɗebi ƙasar tubali, tsohuwar rijiya, ko salga. A daminar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram. Mai sake gini ya kamata ya san abin da ke ƙarƙashin bangonsa.

Me ya sa ƙasar ciko ba ta da ƙarfi?

Ƙasar asali ta daɗe a danne. Ƙasar ciko kuwa sako-sako take. Sau da yawa tana haɗe da shara, toka, kara da guntayen itace. Kara da itace suna ruɓewa, gara ta cinye su, su bar kogo. Idan ruwan sama ya shiga, ƙasa ta lotsa. Gefen bango da ke bisa ƙasar asali ya tsaya, gefen da ke bisa ciko ya sauka. Sai bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, azara ta goce. Ɗaki yana iya faɗa wa iyali cikin dare.

Yadda ake gane wurin

1. A tambayi tsofaffin unguwa. Su suka san inda rami yake a da.
2. A duba fili bayan ruwan sama. Inda ruwa ya kwanta, a kula da wurin.
3. A caka sandan ƙarfe wuri-wuri. Inda ya nutse da sauƙi, akwai ciko.
4. A haƙa ƙaramin rami. Idan an ga tsingaro, toka, ƙasusuwa ko leda, ba ƙasar asali ba ce.

Abin da za a yi

Abin da ya fi shi ne a matsar da ɗaki, a bar wurin ramin ya zama tsakar gida ko garka. Rijiya da salga ba a aza bango bisansu ko kaɗan.

Idan ramin ba shi da zurfi, a kwashe cikon duka sai an tarar da ƙasa mai tauri. A sake cikewa da tsakuwa da jar ƙasa mai tsabta, santimita 15 zuwa 20 kowane zubi. A yayyafa ruwa, a daɓe sosai, sannan a ƙara wani. Harsashi ya sauka har ƙasar asali.

Tsohon harsashin dutse ko siminti yana iya sake amfani. Amma sai an tone gefensa, magini ya duba. Idan ya tsage ko ya karkata, a cire shi.

Mai haƙa kada ya shiga rami mai zurfi shi kaɗai. Gefe yana iya ruftawa, iskar ciki kuma tana iya sumar da mutum. A hana yara zuwa kusa.

Wahalar kwana uku ta haƙa ta fi asarar ɗaki da rai sauƙi.

Tambayoyi

1. Me ke sa ƙasar ciko ta lotsa?
2. Santimita nawa ake zubawa kafin a daɓe?
3. Ina ne tsofaffin ramukan da aka cike a garinku?