Kafin ka kafa jiniya da kyamara a gidanka

Magidanta a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi na yawan tambaya ko jiniya da kyamara da fitilar sola mai kunna kanta suna da amfani. Suna da shi, amma da iyaka. Ɓarawon da ya haura katanga don babur ko akuya, haske da ƙara na korarsa. 'Yan bindigar da ke shigowa gari a kan babura kuwa, jiniya ba ta tare su. Iyakarta ta tashe ka da wuri, ka samu 'yan mintuna.

Saboda haka, kafin ka je kasuwa, ku zauna da mai unguwa da maƙwabta. A tsayar da ma'anar kowace ƙara: gajeriya ɓarawo ne, doguwa kowa ya bi hanyar da aka tsara. A san mai ɗaukar yara, da mai riƙe hannun tsofaffi, da mai kiran jami'an tsaro ko Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024.

Wajen saye, kada ka ruɗu da kyamarar da ba ta aiki sai da intanet. Ba a manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara har tsawon makonni. Nemi mai memori a cikinta, mai batir da sola, don wutar nepa ba abin dogaro ba ce.

Na'urar gane motsi da ke tada jiniya, zafin jiki take ji. Da bazara, idan katanga ta wuni tana shan rana har zafinta ya kusa na jikin mutum, ganin na'urar na raguwa. Mage da akuya ma suna tada ta, kuma jiniyar da ta saba kuka a banza, ranar gaskiya ba mai leƙowa. Ɗaga na'urar kamar mita biyu, ta kalli ƙofar zaure da lungun katanga, ta ba turken dabbobi baya. Da hunturu a riƙa goge ƙurar farantin sola, in ba haka ba batir zai mutu kafin asuba.

Sai batun infoma. Wanda ya kafa maka kayan ya ga ciki da wajen gidanka, don haka ɗauko wanda aka san asalinsa, yana tafiya ka sauya lambar sirri. Kada kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Kuma ka ɓoye ta gwargwadon hali, don a wannan yankin kaya masu ƙyalli a bakin ƙofa na nuna wa masu garkuwa gidan mai kuɗi.