"An Juya Masa Kai": Shawarwari Ga Magidanta Kan Hifnosis Da 'Yan Damfarar Tasha

Da zarar kakar citta ta kama, kuɗi suka fara yawo daga Kachia da Kwoi zuwa Kafanchan, sai tsohon labarin nan ya farfaɗo. Wane ya sayar da buhunansa, wani baƙo ya dafa masa kafaɗa a tasha ko ya kalle shi cikin ido, shi ke nan bai san sa'ad da ya miƙa kuɗin ba. A da asiri ake cewa, ko rufa-ido. Yanzu yaran da ke kallon bidiyo a waya sun samo masa sabon suna, wai hifnosis aka yi masa, dabarar nan da ake nuna Bature yana kaɗa agogo a gaban mutum har ya lumshe ido ya koma bawansa.

Hifnosis akwai shi, har likitoci na aiki da shi a wasu ƙasashe, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Tsoron da muke yi masa ɗan damfara ne ke cin moriyarsa, domin muna gadin ido da kafaɗa, shi kuwa ta kunne yake shigowa. Ga abin da ya kamata kowane gida ya riƙe, na Musulmi ne ko na Kirista.

1. San abin kafin ka ji tsoronsa.
Da yardarka mutum zai zaunar da kai, ya yi ta maka magana a hankali har tunaninka ya tattaru wuri ɗaya, jikinka ya saki, sannan ya riƙa nanata maka abu irin "ciwon yana raguwa". Yanayin ya yi kama da na maigidan da ya nutse cikin kallon ƙwallo, uwargida na kira bai ji ba. Ba barci ba ne, ba suma ba ce, kuma yawancin mutane suna jin duk abin da ake faɗa, suna tunawa da shi bayan an gama.

2. Daina neman wani ɓoyayyen ƙarfi a cikinsa.
An kashe wannan gardamar tun 1784, lokacin da Sarkin Faransa, Louis na 16, ya naɗa kwamiti, ciki har da Benjamin Franklin, don ya binciki da'awar likita Franz Mesmer cewa wani ƙarfi mai kama da maganaɗisu na fita daga jikin mai magani ya shiga majiyyaci. Suka riƙa ɗaure wa mutane ido: wanda aka ce masa ana yi masa alhali ba a yi, sai ya hau karkarwa, wanda kuma ake yi wa bai sani ba, ko gezau. A 1843 wani likitan fiɗa a Manchester, James Braid, ya fitar da littafi yana nuna cewa aikin na faruwa ne a cikin kan wanda ake yi wa.

3. Gaya wa yara kallon ido ba ya sace hankali.
Abin yana bukatar natsuwa, lokaci da haɗin kan wanda ake yi wa, kuma ba kowa yake kamawa daidai ba. Ma'aunin da masana na Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar a 1959 ya nuna mutum ɗaya zuwa biyu ne cikin goma ke nutsewa sosai, mafi yawa tsaka-tsaki ne, wasu kuma sam. To ina baƙo zai iya wannan cikin ƙiftawar ido, a tsakiyar hayaniyar 'yan kamasho da 'yan acaɓa?

4. Tsare kunnenka, domin ta nan ake shigowa.
'Yan damfarar su biyu ko uku ne, suna nuna ba su san juna ba: ɗaya ya ce ga jakar dala an tsinta a but ɗin mota, ɗaya ya goyi baya, ko wani mai kamar malam ko fasto ya tare ka ya ce ya ga mutuwa na bin gidanka, ka kawo kuɗin da ke jikinka a yi musu addu'a. Kayan aikinsu uku ne kacal: kwaɗayi, tsoro da gaggawa. Idan baƙo ya haɗa maka biyu daga ciki a zance ɗaya, ka ce "na gode" ka yi gaba, ba sai ka tsaya gardama ba.

5. Da an ce "kada ka faɗa wa kowa", faɗa wa wani nan take.
Zancen "idan ka waiwaya za ka haukace" ko "idan ka buɗe ƙunshin kafin gobe zai koma takarda" dabara ce ta samun lokacin gudu. Zaro waya ka kira matarka ko ƙaninka a gabansu, za ka ga yadda taron ke watsewa.

6. Ranar da ka sayar da amfanin gona, kada ka zama banki mai tafiya.
Ka ce a tura maka ta asusu, ka duba shigar kuɗin a cikin manhajar bankinka da kanka, domin akwai saƙon bogi. In dole sai tsaba, raba su gida biyu, ka tafi da ɗan rakiya. Kada ka rubuta lambar sirri a bayan katin ATM, kuma ka sa banki ya rage maka iyakar abin da za a iya fitarwa a yini, yadda ko an ci ka ba za a share asusun ba.

7. Kada ka ci, kada ka sha daga hannun baƙo a mota.
Inda mutum ya fita hayyacinsa da gaske, ya farka bai tuna komai ba, abin da za a fara zargi ƙwaya ce aka zuba a lemo ko abinci, ko kuwa zaƙami, wanda ba banza ba ake ce masa haukata-yaro. Sinadaran da ke cikin 'ya'yansa suna rikita tunani, su share abin da ya faru daga ƙwaƙwalwa. Za ka Abuja ta Kwoi da Keffi ne ko Jos ta Gidan Waya, shiga mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja, ka riƙe ruwanka da gyaɗarka. Rangwamen da motar bakin hanya za ta yi maka bai kai ranka ba.

8. Wanda ya dawo gida a ruɗe, asibiti tukuna.
Baki a bushe, jiki da zafi, ƙwayar ido ta buɗe, yana sambatu ko yana cafkar abin da babu, waɗannan alamun guba ne. Faɗuwar sukari, shanyewar ɓarin jiki da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa su ma suna rikita mutum. Kai shi babban asibitin da ke Kafanchan ko asibiti mafi kusa a ranar, addu'a kuma a yi ta a hanya, ba ta hana tafiya. Kada a ɗura masa manja ko madara yana magagi, zai iya shaƙewa su gangara huhu.

9. Kada ka yi wa wanda aka damfara dariya.
Sau da yawa kunya ce ke sa mutum ya ce an juya masa kai, don ya fi sauƙin faɗa a kan "na yi kwaɗayi". In ka hau shi da faɗa zai ɓoye launin motar, lambar asusun da ya tura wa kuɗi da inda aka sauke shi, alhali su ne abin da banki da 'yan sanda ke bukata. Ba shi ruwa ya sha, a toshe katin, a kai rahoto a yinin.

10. Kada ka shiga taron "ya taɓa ni, gabana ya ɓace".
A 2023 wannan ihun ya cika Abuja, aka lakaɗa wa bayin Allah duka, ƙarshe 'yan sanda suka gurfanar da wasu daga cikin masu ihun bisa yaɗa ƙarya. Firgita kaɗai na sa namiji ya ji jikinsa ya noƙe, likita na dubawa ya tarar komai na nan. Mu a Kudancin Kaduna ba sai an gaya mana inda ƙaramin ihu a kasuwa kan kai gari ba, don haka ka ja mai kukan gefe, a tafi asibiti.

11. Bidiyon waya wasa ne, ka kalle shi a matsayin wasa.
Mai wasan dandamali yana kiran masu sha'awa, ya gwada su, ya sallami waɗanda ba su ba da kai ba, ya riƙe 'yan kaɗan masu son a kalle su, sannan mai tace bidiyo ya yanke sauran. A Birtaniya tun 1952 akwai dokar da ta sa sai da izinin hukuma ake irin wannan wasan a bainar jama'a. Ba wanda ke maƙalewa a cikin yanayin hifnosis. Ko mai yin ya tashi ya tafi, mutum zai buɗe ido don kansa, ko ya ɗan yi gyangyaɗi ya farka.

12. Kada a nemi ɓarawo ko maye da shi.
Wanda ke cikin wannan yanayin yana iya yin ƙarya sarai, yana kuma iya "tuno" abin da bai taɓa faruwa ba, ya rantse a kai da zuciya ɗaya, musamman in mai tambaya na saka masa magana a baki. Shi ya sa kotuna a jihohin Amurka da dama ke ƙin karɓar shaidar da aka tono ta wannan hanyar, ko su gindaya mata sharuɗɗa. Duk wanda ya ce zai kwantar da 'yarka ta faɗi sunan wanda ya kama ta, so yake ya haɗa ka rigima da maƙwabcinka, kuma kai za ka biya kuɗin.

13. San inda yake da amfani, ka san iyakarsa.
Ƙungiyar likitocin Birtaniya ta amince da shi tun 1955; a 1984 Peter Whorwell na Manchester ya nuna yana sauƙaƙa ciwon hanjin nan mai kumburi da murɗa wanda gwaji ba ya gano komai, kuma a asibitin jami'a na Liège a Beljiyam ana haɗa shi da allurar kashe zafi a wasu fiɗa tun 1992. Wajen rage raɗaɗi da fargaba ya fi tasiri, batun barin sigari kuwa hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Ba ya warkar da hawan jini, ciwon sukari, sikila, farfaɗiya ko cutar ƙanjamau, saboda haka kada kowa ya ajiye ƙwayarsa.

14. Tambayi takarda kafin ka zaro kuɗi.
Ana samun satifiket ɗin "ƙwararren hifnosis" a intanet cikin 'yan kwanaki, shi ya sa tallan Facebook da TikTok ba hujja ba ne. Tambayar ita ce: likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam mai rajista, kuma a wane asibiti yake aiki? Mace ko yaro kada su shiga ɗaki su kaɗai, mai jin muryoyi ko ganin abin da babu kuwa wannan ba nasa ba ne, a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH).

15. Ɗauki ɓangaren da yake kyauta.
Samu wuri shiru na minti goma, ka zauna, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, kana sassauta jiki daga kafaɗa zuwa yatsun ƙafa. Yana taimaka wa mai fama da rashin barci, ɗalibi mai fargabar jarrabawa, da mai juna biyu da ke zullumin naƙuda, ba tare da ta fasa zuwa awo ba. Amma ban da kan babur ko bayan sitiyari.

Don Allah, kafin ranar kasuwa mai zuwa, a karanta wa tsofaffin gida da yaran da ake aika da kuɗi shawara ta 4 zuwa ta 8, a kuma rubuta musu lambar wayar mutum biyu a takarda su sa a aljihu.